Yadda ake haɗa ƙaramar tiransimitar AM a gida

Tsohuwar rediyo mai matsakaicin zango, wato layin da aka rubuta wa AM ko MW, da aka jingine a kan kabad, wadda da rana ba ta kawo komai sai shuuu, za ta iya kama karatu ko waƙar da ke cikin wayarka ba tare da an kwance ta ba. Abin da ake buƙata ƙaramar tiransimita ce, wato na'urar watsa sauti ta iska, mai tiransista uku da ayisi (IC) biyu, mai aiki da batirin bolt 9. Muryarta na kaiwa mita takwas zuwa goma, wato ɗaki da tsakar gida, kuma da gangan aka tsara ta haka.

Aikin kamar na jaki ne da kaya. Akwai igiya mai kaɗawa kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, wadda kunne ba ya ji. Ita ce jakin. Murya ita ce kayan. A tsarin AM, yawan kaɗawar, wato firikwansi, ba ya motsi ko kaɗan. Ƙarfin igiyar ne ke hawa da sauka daidai da hawa da saukar murya. Don haka na'urar kashi uku ce: osileta mai haifar da igiyar, tiransistar ƙarshe mai ƙara mata ƙarfi, da amfilifayar sauti mai juya wutar da tiransistar ƙarshe ke sha.

Kafin a ɗauki ayon na narka dalma, maganar doka. A Najeriya watsa shiri ga jama'a sai da lasisin hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, a Nijar kuma hukumar ARCEP ce ke kula da rabon firikwansi. Yawancin zanen da ake gani a intanet sun dogara ne da ƙa'idar hukumar FCC ta Amurka, wadda ta yarda da miliwat 100 a matakin ƙarshe da eriyar da ba ta wuce mita 3 ba. Wannan dokar Amurka ce, ba ta kare kowa a Kano ko Maraɗi. Wannan na'ura ta koyo ce da sauraro a cikin gida. Kada a ƙara mata amfilifaya, kada a ɗaura mata doguwar waya a kan rufi.

Kayan aiki

Tiransista BC547 guda biyu da BC337 guda ɗaya. Ayisin sauti LM386 da ƙaramar regileta 78L05, mai sauke wutar batir zuwa bolt 5. Resista: 10k guda uku, 22k biyu, 4.7k biyu, 1k biyu, om 10 biyu, sai om 470, om 220 da om 100 ɗaya-ɗaya, da bolum na 10k. Kafasita: 47pF ɗaya, 220pF ɗaya, 680pF biyu, 1nF uku, 10nF huɗu, 22nF ɗaya, 47nF ɗaya, 100nF biyar, 10µF ɗaya, 100µF ɗaya. A jikinsu lamba ake rubutawa: 221 shi ne 220pF, 681 shi ne 680pF, 102 shi ne 1nF, 103 shi ne 10nF, 104 shi ne 100nF. Sai ƙananan koyil biyu masu kama da resista mai ƙiba, yawanci korra: 330µH mai zobe ruwan lemo, ruwan lemo, ruwan ƙasa, da 33µH mai ruwan lemo, ruwan lemo, baƙi. Dayod 1N4148 ɗaya na gwaji. Wayar iyafis da ta lalace, don jak ɗinta.

Kafasita mai juyawa, wadda ke bayan maɓallin neman tasha, daga matacciyar rediyo za a ciro ta. Wadda ta fito daga rediyo mai AM kaɗai ta fi sauƙi, ƙafa uku gare ta: ta tsakiya giraun ce, wato layin da ke haɗe da bakin (−) na batir, ɗaya gefen na kaiwa wajen 140pF zuwa 160pF, ɗayan kuma bai kai rabin haka ba ko ya ɗan wuce. Babban gefen muke so, shi ne wanda wayar baƙar sandar eriyar cikin rediyo ke manne da shi kafin a cire.

Allon da ya fi dacewa shi ne mai shimfiɗar tagulla gaba ɗaya, a mai da fuskar duka giraun, a yanka 'yan gutsattsarin allo kamar ƙwayar masara a manna da sufa gulu su zama mahaɗa. In babu, murfin gwangwanin madara da aka miƙe yana cin dalma sarai. Allon Vero ma zai yi, in an gajarta ƙafafu.

Naɗa koyil

Wannan koyil ita ke yanke firikwansin da za ka fito, saboda haka kada a yi mata garaje. A samu bututun roba na wayarin gida mai kaurin milimita 25, a yanka santimita shida. Waya kuwa ta tagulla mai fanti, lamba 30 a ma'aunin masu naɗin fanka da injin ruwa, kaurinta ya ɗan haura milimita 0.3, mita bakwai ta isa. A huda ƙananan ramuka biyu a gefe ɗaya, a zura wayar a kulle ta, a naɗa zagaye 80, kowane zagaye na jingine da ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. Naɗin zai ci kusan santimita uku. A kulle ƙarshen a wasu ramuka biyu, a shafa farcen mata marar launi ko a ɗiga kakin kyandir don kada ya saki. Wannan yana ba da kusan 100µH.

Lissafin mai sauƙi ne: a kilohaz 1000, in ka ninka µH na koyil da pF na kafasita, dole su ba da kusan 25,330. Koyil ta 100 na neman kafasita wajen 250pF ke nan. Da kayan da aka lissafa a sama, maɓallin zai yi yawo daga kilohaz 900 zuwa kusan 1200.

A kankare fantin bakin wayar da reza har tagulla ta yi ƙyalli, a shafa mata dalma tun kafin a kai ta allo. Fantin da bai fita ba yakan sa a ga dalma ta zauna kyau alhali babu haɗi, a kwana ana zargin tiransista.

In ba a samu 33µH a kasuwa ba, zagaye 35 na wannan wayar a kan irin wannan bututun ya maye gurbinta.

Mataki na farko: wuta da osileta

Fara da 78L05. Ka fuskanci gefenta mai faɗi, ƙafafu ƙasa: ta hagu ce fita, ta tsakiya giraun, ta dama shiga. Babbar 7805 akasin haka take, kuma wanda ya saba da ita yakan juya ƙaramar ba tare da ya lura ba. Sa 100nF daga shiga zuwa giraun, wani daga fita zuwa giraun. Haɗa batir, auna: dole fita ta nuna bolt 5. In ba ta nuna ba, kada ka wuce nan.

BC547 da BC337, in ka fuskanci gefe mai faɗi, daga hagu kolekta ne, bes, emita. Wanda zai ciro nasa daga tsofaffin kaya ya kula: C945 da C1815 emita ne, kolekta, bes, 2N3904, S9014 da S8050 kuma emita, bes, kolekta. Duk za su yi aiki, amma kowace da tsarin ƙafarta.

Tiransista ta farko, BC547: kolekta kai tsaye zuwa bolt 5. Resista 10k daga bolt 5 zuwa bes, wata 10k daga bes zuwa giraun, 1k daga emita zuwa giraun. Kafasita 1nF tsakanin bes da emita, wata 1nF daga emita zuwa giraun. Waɗannan biyun su ke mayar da wani kaso na igiyar cikin bes don kaɗawar ta ɗore. Koyil ɗin da ka naɗa, baki ɗaya giraun, ɗayan bakin a mahaɗa ta daban. A wannan mahaɗar za a sa babban gefen kafasita mai juyawa, ƙafarta ta tsakiya kuma giraun. Daga mahaɗar zuwa bes, 220pF.

A nan irin kafasita na da muhimmanci fiye da ko'ina. Na 220pF ya zama mai alamar NP0 ko C0G, ko na maika. Na 1nF biyun, korran nan na roba masu rubutun 2A102J sun fi 'yan falen-falen na yumɓu nesa ba kusa ba. Na yumɓu marasa daraja suna canza ƙima da zafi, har ka saita tasha da sanyin safiya, azahar ta yi ka neme ta ka rasa.

Gwaji: emita ta nuna tsakanin bolt 1.8 da 2. Kunna rediyo a matsakaicin zango, kai allurarta wajen 1000, ajiye ta taku ɗaya daga koyil, juya kafasita a hankali. Akwai inda shuuu ɗin zai ɗauke ɗif, rediyo ta yi tsit kamar an kashe ta. Wannan shirun shi ne igiyarka. Cire batir, shuuu ya dawo. Mayar, ya sake ɗaukewa. In ba a samu shirun ba, a duba fantin koyil, sannan ƙafafun tiransista, sannan a tabbata ba a sa 104 a gurbin 102 ba.

Mataki na biyu: katanga

Tiransista ta biyu, ɗayar BC547, ba ta ƙara bolt ko ɗaya; aikinta ta tsaya tsakanin osileta da matakin ƙarshe, don hawa da saukar murya kada su ja firikwansi. Kolekta zuwa bolt 5 da 100nF zuwa giraun dab da ƙafar, 22k daga bolt 5 zuwa bes, 22k daga bes zuwa giraun, om 470 daga emita zuwa giraun, 47pF daga emitar ta farko zuwa bes ɗin wannan. Emita ta nuna tsakanin bolt 1.6 da 1.9. Shirun zai ɗan matsa kaɗan a kan allura, ba laifi ba ne.

Mataki na uku: sauti

LM386 ƙafa takwas gare ta, ana ƙirga daga ɗigon da ke kusurwa, a sauka gefe ɗaya a hau ɗayan. Ƙafa ta 6 zuwa bolt 9 na batir kai tsaye, ba ta bayan regileta ba, da 100µF da 100nF zuwa giraun kusa da ita. Ƙafa ta 2 da ta 4 giraun. Ƙafa ta 7 da 10µF zuwa giraun. Ta 1 da ta 8 a bar su haka, ayisin zai ninka sauti sau 20, kuma ya wadatar. Daga ƙafa ta 5 zuwa giraun, resistar om 10 jere da 47nF. In babu su ayisin kan kama kaɗawar kansa ya yi zafi.

Wayar iyafis na da layin hagu, layin dama da giraun. Kowane layi ya bi ta 4.7k, su haɗu a saman bolum. Kada a murɗe hagu da dama wuri ɗaya ba resista, yana wahalar da amfilifayar waya. Daga saman bolum zuwa giraun a sa 22nF: yana datse sautin da ya haura kusan kilohaz 4, wanda dama rediyon AM ba ta fitar da shi, sai dai ya fantsama kan tashar maƙwabta. Ƙasan bolum giraun, tsakiyarsa ta bi ta 100nF zuwa ƙafa ta 3, sannan 1nF daga ƙafa ta 3 zuwa giraun don kada igiyar rediyo ta kutsa cikin sauti.

Auna ƙafa ta 5. Za ka ga rabin wutar batir, kusan bolt 4.5. Duk dabarar tana nan. Idan babu sauti, ƙafar na zaune a 4.5; da murya ta shigo sai ta riƙa lilo tsakanin kusan bolt 1 da 8. Da wannan wutar mai lilo za a ciyar da tiransistar ƙarshe, igiya ta yi ƙarfi in wuta ta hau, ta yi rauni in ta sauka. Saboda haka babbar kafasitar da aka saba sa wa tsakanin ƙafa ta 5 da sifika ba ta da gurbi a nan. Hannun mai gyaran amfilifaya yakan sa ta da kansa, ita kuwa tana tare wutar tsaye, matakin ƙarshe ya zauna da yunwa.

Mataki na huɗu: tiransistar ƙarshe da mataci

BC337: emita kai tsaye giraun, da gajeriyar ƙafa. Daga emitar tiransista ta biyu, 10nF jere da om 100 zuwa bes. Resista 10k daga bolt 5 zuwa bes, 1k daga bes zuwa giraun. Wannan yana ajiye bes wajen bolt 0.45, dab da buɗewa amma ba ta buɗe ba, sai igiya ta turo ta. Daga ƙafa ta 5 ta LM386, resistar om 10 ta biyu, bayanta 10nF zuwa giraun, sannan koyil ta 330µH zuwa kolekta. Koyil ɗin na barin wuta da sauti su wuce, ta hana igiya komawa baya.

Tiransistar da ke aiki haka buɗewa take tana rufewa kamar makunni, don haka abin da ke fita kolekta ba sumul yake ba. Yana ɗauke da 'ya'ya a ninki biyu da ninki uku na firikwansinka, wato 2000 da 3000 in kana 1000, kuma can ba hurumin matsakaicin zango ba ne. Mataci ke rage su: daga kolekta 10nF zuwa wata mahaɗa, daga mahaɗar 680pF zuwa giraun, 33µH zuwa mahaɗa ta gaba, wani 680pF daga nan zuwa giraun. Daga mahaɗar ƙarshe, a yanzu, sa om 220 zuwa giraun.

Kada a taɓa kunna na'urar babu wannan resistar. Irin wannan matacin, in bakinsa na buɗe, sai ya zame wa kolekta kamar an haɗa ta da giraun, tiransista ta sha wuta ta ƙone hannu.

Auna bolt a kan resistar om 10 da ke bayan ƙafa ta 5. Tsakanin 0.1 da 0.2 ake so, wato miliamfiya 10 zuwa 20. A tsakiyarsu matakin na shan kusan miliwat 70. In sifili ne, igiya ba ta iso bes ba, ko koyil ta 330 ta tsinke. In ya haura 0.25, a duba resistar 220 da ƙimar kayan mataci, in duk daidai suke a mai da om 100 ta bes om 220. Maltimita ba ta iya auna igiyar kilohaz 1000 da kanta, amma da dayod za ta iya: gefen da ba zobe a saman om 220, gefen zobe zuwa 10nF, ɗayan bakin kafasitar giraun, a auna bolt a kan kafasitar. Uku zuwa uku da rabi alama ce ta lafiya.

Eriya

A nan yawancin masu farawa ke karaya. Tsawon igiyar kilohaz 1000 mita 300 ne, eriyar tsaye mai kyau rubu'in haka take, mita 75. Abin da ya sa hasumiyoyin gidajen rediyon AM ke da tsawo ke nan. Wayar mita biyu da aka rataya a ƙusa kusan ba ta fitar da komai.

Amma duba abin da ke cikin rediyon da za ta kama: baƙar sanda ce da aka naɗe da waya, kuma ƙarfin maganaɗisu take ji. To sai a ba ta shi. A ɗauki wayar wuta mai riga mita huɗu da ɗori, a yi murabba'i mai mita ɗaya kowane gefe, zagaye ɗaya tak, wato zoben eriya, a murɗe bakunan biyu tare har zuwa allo. A cire saman om 220 daga mahaɗar ƙarshe, a sa zoben a tsakani: mahaɗa, zobe, resista, giraun. Resistar na nan tana riƙe da nauyi, wutar da ke bin ta kuwa sai ta zaga zoben tukuna.

Zoben a tsaye ake rataye shi, a bango ko a kan firam na katako. In aka shimfiɗa shi a ƙasa ko a silin, maganaɗisun zai miƙe sama, sandar rediyo kuwa a kwance take, sai su saɓa. Kada a ɗaura shi a ƙarfen taga ko ƙofar ƙarfe, ƙarfen zai shanye rabin aikin. Ya kuma yi nesa da koyil ta osileta da aƙalla mita ɗaya. Kyawun zobe shi ne yadda ƙarfinsa ke faɗuwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, ƙarfin ya ragu sau takwas. A ɗaki tangaran, a tsakar gida da dama-dama, a bayan katanga babu. In rediyo ta yi rauni a wani lungu, a juya ta kafin a zargi na'ura.

Zaɓen gurbi da saita murya

A Afirka tashoshin matsakaicin zango na jere ne da tazarar kilohaz 9, daga 531 zuwa 1602, don haka rediyo mai lamba ke tsalle daga 990 zuwa 999 zuwa 1008. A nemi gurbi da dare, ba da rana ba. Bayan magariba sama na dawo da igiyoyin tashoshi masu nisa, gurbin da ya yi tsit da hantsi sai ka ji Larabci ko Faransanci a cikinsa. A guji 910 da kewayenta: yawancin tsofaffin rediyoyi na aiki da kilohaz 455 a ciki, ninkinsa biyu kan haifar da fito a nan.

Kai rediyo kan gurbin, juya kafasita har shiru ya fi zurfi. Mayar da rediyon nesa da zobe mita biyu ko uku, don in ta yi kusa sosai igiya na fin ƙarfinta, ta shaƙe murya ko da na'urar lafiya lau take. Sa sautin waya a rabi, ɗaga bolum a hankali. Murya za ta yi ta ƙaruwa har inda za ta fara tsagewa, musamman a kan ganga da harafin s. A nan LM386 ta kai bango. Koma baya kaɗan ka bar shi. Ƙarin sauti daga nan, a rediyo za a ƙara shi.

Abin da kan lalace

Murya ta toshe a tsakiyar tasha amma ta fi fita in an ɗan kauce gefe: firikwansi ne ke rawa da murya. Ko batir ya sauka ƙasa da bolt 7 har regileta ta kasa, ko zobe ko koyil ta 33 sun kusanci koyil ta osileta. Koyil biyun su yi nesa da juna, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Tasha na gudu in hannu ya kusanto: an juya ƙafafun kafasita mai juyawa, ko babu maɓallin roba a kanta. Sanya osileta cikin gwangwanin da aka haɗa da giraun na magance sauran, muddin koyil ta bar ƙarfe da tazarar santimita biyu da rabi ta kowane gefe. Bayan an rufe sai a sake saiti.

Gurnani ko ƙara mai kaifi: caja ce. Cajar waya, inbata, na'urar cajin sola da ƙwayayen LED masu araha duk suna zuba datti a matsakaicin zango. A cire wayar daga caji yayin da take ba da sauti, in tana kawo dit-dit-dit a sa ta yanayin jirgi.

Na'urar na shan miliamfiya 30 zuwa 35 gaba ɗaya. Ƙaramin batirin bolt 9 mai araha 'yan sa'o'i zai yi ya faɗi. Batiran agogon bango shida a jere, ko batiran 18650 biyu a jere, sun fi shi ƙarko sosai. Batirin sola ko na mota kuwa kada a haɗa kai tsaye: yana caji yakan haura bolt 13, ita kuma LM386 ta gama-gari iyakar aikinta 12. In dole shi za a yi amfani da shi, a sa regileta 7809 a tsakani, da 100nF a shigarta da fitarta.